Sarki Biyu a Gari Ɗaya: Sharhi Kan Tsara Manhaja a Gungun Sabobi Don Kada Aiki Ya Tsaya

A ranar 21 ga Oktoba, 2018, a GitHub, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu a wurinsa, ma'aikata suna cikin sauya wata na'urar sadarwa da ta soma lalacewa, sai layin da ke haɗa babbar cibiyar bayanan kamfanin GitHub ta gabashin Amurka da sauran cibiyoyinsa ya katse na daƙiƙa 43. Lokacin bai kai a ɗaura alwala ba, amma ya ishi manhajar da aka ɗora wa kula da rumbunan bayanan kamfanin, wadda ake kira Orchestrator, ta yanke hukuncin cewa rumbunan gabas sun tafi, ta miƙa ragama ga na yammacin ƙasar. Da layin ya dawo, sai aka tarar kowane ɓangare yana riƙe da bayanan da ɗayan ba shi da su: gabas tana da rubutun 'yan daƙiƙun da ba a kai ga kwafewa zuwa yamma ba, yamma kuma ta riga ta fara karɓar sabon rubutu. Sai da kamfanin ya shafe sa'o'i 24 da minti 11 yana aiki da ɗingishi kafin komai ya koma daidai. Babu na'urar da ta ƙone a wannan rana, kuma manhajar ba ta kauce wa umarni ba, domin abin da aka tsara mata shi ta aikata.

Na fara da wannan labari ne saboda yadda mutane da yawa, har da masu sa hannu a takardar sayen kaya, suke ɗauka cewa da zarar an sayi sabar biyu maimakon ɗaya, to an gama da matsalar tsayawar aiki. Sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, ita ce kwamfutar da manhajar banki ko ta asibiti ko ta hukumar jarrabawa ke zaune a kanta tana amsa buƙatun jama'a dare da rana. Idan aka haɗa irin waɗannan na'urori biyu ko uku ko ɗari, aka ɗora musu wata manhaja mai lura da su, ta yadda in ɗaya ta faɗi wata za ta ɗauki kayanta, shi ne ake kira gungu. Sayen na'urorin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana wajen amsa tambayoyin da gungun ba zai iya amsa wa kansa ba: da me za a gane manhaja tana raye, wa ke da ikon cewa ta mutu, kuma me za a yi da wadda aka ce ta mutu alhali da sauran numfashinta. Duk wani saiti da injiniya ke rubutawa amsa ce ga ɗaya daga cikin waɗannan.

Masu sana'ar suna auna alƙawarinsu na cewa aiki ba zai tsaya ba da kaso cikin ɗari na lokaci. Shekara tana da sa'o'i 8,760, saboda haka wanda ya yi alƙawarin kashi 99.9 ya yarda aiki ya tsaya na kusan sa'o'i 8 da minti 46 a shekara, wanda ya ce 99.99 yana da minti 52 da 'yan kai, mai 99.999 kuwa minti 5 ne kacal da 'yan daƙiƙu. Amfanin wannan lissafi shi ne yana nuna inda ɗan Adam ke fita daga cikin maganar. A mataki na farko ana iya buga wa ma'aikaci waya cikin dare ya tashi ya buɗe kwamfutarsa ya gyara. A mataki na ƙarshe, kafin ya lalubo tabaransa kason shekara ya ƙare, don haka dole na'ura ce za ta yanke hukunci, kuma za ta yanke shi ne da ɗan abin da aka ba ta ikon gani.

Maganin farko, kuma mafi tsufa, shi ne a kashe manhajar a sake tayar da ita. Wannan ba ragwanci ba ne. Jim Gray, wanda ya yi aiki a kamfanin Tandem, wanda a lokacin yake ƙera kwamfutocin da bankuna ke dogaro da su, ya yi nazarin rahotannin faɗuwar na'urorinsu a 1985, ya nuna cewa kurakuran manhaja da na masu gudanarwa sun fi lalacewar ƙarfe yawa, kuma yawancin kurakuran manhajar da ke tsira har su kai ga masu amfani irin masu zuwa ne su wuce, waɗanda sai abubuwa da dama sun haɗu a daidai wani lokaci suke bayyana. Irin wannan kuskure in aka sake gwadawa yawanci ba ya dawowa. A kan wannan fahimta aka gina harshen rubuta manhaja na Erlang a kamfanin Ericsson tun daga 1986, inda ake barin ƙaramin aiki ya faɗi, wani mai sa ido a kansa ya tayar da sabo. Haka ma systemd, wanda ke tafiyar da ayyuka a yawancin na'urorin Linux na yau, yana sake tayar da aikin da ya faɗi idan an umarce shi, amma bisa saitinsa na asali in aikin ya tashi sau biyar cikin daƙiƙa goma sai ya ƙyale shi. Wannan iyaka tana da muhimmanci, domin manhajar da ke faɗuwa saboda faifai ya cika ko kalmar sirri ta canja ba za ta warke da maimaici ba, sai dai ta cika kundin rahoto da kuka iri ɗaya. A gungun da Pacemaker, wata manhajar kula da gungu, ke jagoranta akwai adadin da ake sawa na faɗuwar da za a haƙura da ita a na'ura ɗaya kafin a kwashe aikin zuwa wata, kuma wanda bai sa wannan adadi ba zai iya wayar gari ya tarar manhajarsa ta kwana tana faɗuwa tana tashi a wuri ɗaya, alhali ga lafiyayyiyar na'ura a gefe tana zaman jira.

Gungu bai san manhajarka ba. Bai san banki ba ne ko kantin magani. Abin da ya sani shi ne wani ɗan gajeren rubutaccen umarni da ke tsakaninsa da ita, wanda za mu iya kira wakili, kuma abu uku yake nema daga wakilin: tayar da ita, tsayar da ita, duba lafiyarta. A tsarin OCF, wato ƙa'idar rubuta irin waɗannan wakilai da Pacemaker ke bi, wakilin yana amsawa da lamba: 0 na nufin lafiya lau, 7 na nufin ba ta gudana kuma ta tsaya tsaf, 1 na nufin akwai matsala. Oracle Clusterware da gungun Windows Server suna da nasu sunayen, amma tambayoyin kusan ɗaya ne. Bambancin 7 da 1 kamar ƙarami ne a ido, sai dai a kansa gungun ke yanke shawarar ko ya tayar da manhajar kai tsaye ko sai ya fara share abin da ta bari. Wakilin da ke mayar da 0 tun manhajar ba ta gama tashi ba ƙarya yake yi wa gungun, kuma duk abin da aka jera a bayanta zai taso ya tarar babu kowa.

A cikin ukun nan, duba lafiya ne ya fi cin mutane. Na taɓa kwana a ɗakin sabobin wata ma'aikata, sanyin na'urar sanyaya ɗaki yana ratsa rigata, ina kallon allon sa ido kore shar daga sama har ƙasa, alhali wayar teburin ba ta daina ƙara ba saboda tun la'asar babu wanda ya iya shiga manhajar. Da muka buɗe wakilin, layi uku ne: ya karanta lambar aikin daga wani fayil, ya tambayi na'ura ko akwai aiki mai wannan lamba, in akwai ya ce lafiya. Aikin kuwa yana nan, sai dai ya sandare yana jiran wani faifan da ya daina amsawa. Na'ura ta biyu tana ƙasan ta farko a kanta ɗaya, fitilarta na walƙiya, ba a taɓa ce mata ta karɓa ba, domin a idon gungun babu abin da ya faru. Tun daga ranar nake ganin cewa gwajin lafiya na gaskiya shi ne wanda ya bi hanyar da mai amfani ke bi: ya aika buƙata ta ƙofar da jama'a ke shiga, ya jira amsa, ya duba ko amsar tana da ma'ana.

Sai dai a nan ma akwai rami a ɗaya gefen, kuma masu himma ne ke faɗa masa. Idan gwajin ya zurfafa har ya zama sai rumbun bayanai ya amsa kafin a ce manhaja tana raye, to ranar da rumbun ya yi nauyi na minti ɗaya, gungun zai ga dukkan kwafin manhajar ashirin sun kasa cin gwaji a lokaci guda, ya bi su ya kashe. Su kuma in sun taso, kowanne zai ruga ya buɗe sabuwar hulɗa da rumbun da dama nishi yake yi, sai ƙaramar matsala ta zama babba. Wannan ne dalilin da ya sa Kubernetes, tsarin tafiyar da manhajoji a gungu wanda Google ta fitar a 2014, ya raba tambayar gida biyu. Tambaya ta farko ita ce ko manhajar tana raye, kuma in amsar ta zama a'a kashe ta ake yi. Ta biyu ita ce ko a shirye take ta karɓi aiki, in kuwa ba ta shirya ba sai kawai a daina tura mata jama'a har ta farfaɗo. Rashin lafiyar maƙwabci yana cikin tambaya ta biyu, bai kamata ya shiga ta farko ba, tunda kashe manhaja ba ya gyara rumbun da take jira. Daga baya an ƙara tambaya ta uku domin manhajojin da ke daɗewa kafin su gama tashi, irin manyan manhajojin da aka rubuta da harshen Java, don kada a yanke musu hukunci tun suna ɗaura ɗamara.

Ga kuma batun wa'adi. Bisa saitin asali, Kubernetes yana gwaji duk daƙiƙa 10, yana jiran amsa na daƙiƙa 1, kuma sai an faɗi sau 3 a jere yake ɗaukar mataki, wato kusan rabin minti kafin a gane an yi rashi. Mai son ya burge shugabansa zai rage waɗannan lambobi, kuma lalle zai riƙa gano mutuwa da wuri, amma zai riƙa binne masu rai. Manhaja tana iya yin shiru na 'yan daƙiƙu saboda tana share ƙwaƙwalwarta, ko ana kwafe faifanta domin ajiya, ko layin ya cunkushe. Babu lambar da ta dace da kowa. Abin da ya dace shi ne a auna shirun da manhajar ke yi a ranar da ta fi shan aiki, kamar ƙarshen wata lokacin biyan albashi, a sa wa'adin ya ɗara wannan, sannan a karɓi jinkirin da ya biyo baya a matsayin kuɗin da aka biya don kauce wa hukuncin gaggawa.

Tsayarwa ba ta cika samun kulawa ba, alhali ita ce ginshiƙin amana tsakanin gungu da manhaja. Idan wakili ya ce ya tsayar, gungun zai tayar da manhajar a wata na'ura yana mai imani cewa babu sauran ta farko. Shi ya sa a Pacemaker, in umarnin tsayarwa ya gaza, hukuncin asali shi ne a kashe na'urar ɗungurungum. A Kubernetes kuma ana aika wa manhaja saƙon sallama, a ba ta daƙiƙa 30, in ba ta fita ba a fitar da ita da ƙarfi. Manhajar kirki tana amfani da wannan tazara ta daina karɓar sababbin buƙatu, ta kammala waɗanda ke hannunta, ta rufe fayilolinta. Wadda ba a koya mata jin sallama ba kuwa, duk sabuntawar da za a yi mata sai ta yanke wa wani ciniki a tsakiya.

Yanzu mu zo ga asalin ƙullin. Na'urorin gungu suna aika wa juna ɗan saƙo a kai a kai, wanda ake kira bugun zuciya. Idan na'ura ta daina jin bugun 'yar'uwarta, abu biyu ne ke iya faruwa: ko 'yar'uwar ta mutu, ko kuma layin da ke tsakaninsu ne ya yanke. Daga inda take zaune babu wata dabara da za ta bambance mata waɗannan biyun, domin shirun iri ɗaya ne. In ta ɗauka mutuwa ce alhali yankewar layi ce, sai ta hau karaga, ta ɗauki adireshin da jama'a ke nema, ta fara rubutu a faifai, ita kuma ta farkon tana can tana yin haka. Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma a nan maganar ta wuce karin magana, domin na'ura biyu da ke rubutu a faifai ɗaya ba tare da sanin juna ba suna iya lalata tsarin fayilolin cikin ɗan lokaci, rumbu biyu da kowanne ke karɓar ciniki kuma suna haifar da littafin lissafi biyu da babu mai iya haɗe su sai da hannu. Tsayawar aiki ta awa ɗaya ana ba da haƙuri a wuce. Lissafin da ya rabu biyu yana iya cin makonni, wani lokaci ma ba a gano iyakar ɓarnar.

Kariya ta farko ita ce rinjaye. Ana ƙirga ƙuri'a, ɓangaren da ke da fiye da rabi shi ke ci gaba, wanda ya ga kansa a tsiraru kuma ya ajiye aiki da kansa. Gungu mai na'ura uku yana jure rashin ɗaya, mai biyar yana jure rashin biyu, mai huɗu kuwa ɗaya kawai yake jurewa kamar mai uku, shi ya sa ake son adadin da ba ya rabuwa biyu daidai. Gungu mai na'ura biyu, wanda shi ne ƙananan ma'aikatu suka fi saya, ba shi da rinjaye ko kaɗan in layi ya yanke, ɗaya da ɗaya ne. Maganinsa a samo shaida ta uku, wata ƙaramar na'ura ko wani wurin ajiya da ke wani gini dabam, wadda ba ta ɗaukar kaya, ƙuri'a kawai take jefawa. A kan wannan tunani na rinjaye aka gina ƙa'idar Paxos ta Leslie Lamport, da ta Raft wadda Diego Ongaro da John Ousterhout suka fitar a 2014, kuma Raft ɗin ce ke cikin etcd, rumbun da Kubernetes ke ajiye duk abin da ya sani.

Rinjaye yana aiki ne in wadda ta sha kaye tana cikin hayyacinta har ta san ta sha kaye. Na'urar da ta sandare ba ta ƙirga ƙuri'a. Tana iya farkawa bayan minti biyu ta ci gaba da rubutu daga inda ta tsaya, tana zaton har yanzu ita ce mai gari. Saboda haka ake buƙatar kariya ta biyu, wato killacewa: kafin mai jiran gado ta taɓa komai, sai ta tabbatar da mutuwar ta farko da hannunta, ta hanyar aika umarni ga na'urar da ke ba ta wuta ko ga ƙaramin allon kula da ke cikinta a yanke mata lantarki. Masu Linux suna kiran wannan STONITH, taƙaitawar wata jimla mai nufin a harbe ɗaya na'urar a ka. Sunan ba shi da daɗin ji, amma hikimar a fili take, tunda ba za a iya sanin ko ta mutu ba, sai a mayar da zato ya zama tabbas. Abin da ke damuna shi ne yawan jagororin girkawa da ke cewa a kashe wannan saiti domin gwaji ya yi sauƙi, da yawan gungun da ke shiga aiki na gaske a haka, shekara da shekaru, har ranar da layi zai yanke.

Killacewa ma tana da nata haɗarin. A Disamban 2012, GitHub ɗin dai, ana aikin sabunta manyan na'urorin haɗa layukansu sai hanyar sadarwa ta daskare na ɗan lokaci. Sabobin fayilolinsu biyu-biyu suke, da Pacemaker da DRBD mai kwafe faifai daga wannan zuwa waccan, kuma da kowace ta daina jin abokiyarta, sai wasu tagwayen suka harbe juna, duka biyun suka mutu, aka ɗauki sa'o'i ana tantance wadda ke da sabon bayani a kowane tagwaye kafin a tayar da ita. Darasin da masu sana'a ke ɗauka daga irin wannan shi ne a ba ɗaya daga cikin biyun jinkirin 'yan daƙiƙu kafin ta ja kunama, a raba hanyar bugun zuciya gida biyu ta kan na'urori dabam-dabam, kuma a sanar da gungu ya dakata da yanke hukunci duk lokacin da za a taɓa hanyar sadarwa. Inda babu damar yanke wuta daga nesa, ana amfani da agogon kare kai, wanda dole na'ura ta riƙa taɓa shi a kai a kai, in ta yi shiru ya sake kunna ta da kansa. Patroni, da ake amfani da shi wajen kula da rumbun PostgreSQL, yana bin hanyar aron sarauta: shugaba yana riƙe da mabuɗi a etcd na daƙiƙa 30 bisa saitin asali, dole ya riƙa sabunta shi, in ya kasa sai ya sauka da kansa kafin a naɗa wani.

Duk wannan wahala ta masu riƙe da bayani ce. Manhajar da ba ta ajiye komai a cikinta, wadda ke karɓar buƙata ta amsa ta manta, ba ta da sarauta balle rikicin gado. Ana tayar da kwafinta goma a bayan mai rarraba zirga-zirga irin HAProxy, in ɗaya ya faɗi a tsallake shi. Shi ya sa mafi amfanin gyaran da za a yi wa tsohuwar manhaja shi ne a kwashe abin da take ɓoyewa a cikinta, kamar shaidar shigar mai amfani da fayilolin da ya ɗora, a kai su wurin ajiya na tarayya. Amma a lura, matsalar ba ta ɓace ba, an tattara ta ne wuri ɗaya, kuma a wannan wurin dole a zaɓa. Ko dai rumbu ya jira kwafinsa ya tabbatar da kowane rubutu kafin ya ce wa mai ciniki an gama, ko ya amsa nan take ya aika kwafin daga baya. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, saboda haka rumbun da ke Legas mai kwafi a Kano, tazarar kusan kilomita dubu ta hanya, zai ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa a kan kowane rubutu kafin a sa jinkirin na'urorin da ke tsakani, kuma in layin ya yanke sai ya tsaya cik ko ya ci gaba shi kaɗai. Hanya ta biyu ta fi sauri, sai dai ranar da aka miƙa ragama, rubutun daƙiƙun ƙarshe ya tafi. Masanin kimiyyar kwamfuta Eric Brewer ya bayyana wannan tsaka mai wuya a shekarar 2000: in hanyar sadarwa ta rabu, ko a zaɓi daidaiton bayani ko a zaɓi ci gaba da amsawa. A ganina wannan ba hukuncin injiniya ba ne shi kaɗai. Mai dukiyar ne ya kamata a zaunar a tambaye shi, da harshen da yake ji, ko ciniki nawa zai iya jure rasawa da kuma minti nawa zai iya jure rufe ƙofa. Ga shafin labarai amsar a bayyane take, ga asusun ajiyar mutane ma haka, sai dai amsoshin sun saɓa wa juna.

Akwai wani ɓangare da ke wajen gungun amma ya rataya a wuyansa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS ya san shi. An zura kati, na'ura ta yi ta juyi, ta ce ciniki bai yiwu ba, ga kuma saƙon cire kuɗi ya shigo waya. Ɗaya daga cikin hanyoyin da haka ke faruwa ita ce sabar ta kammala aikin, amma amsar ta ɓace a hanya ko sabar ta faɗi kafin ta aika. Wanda ya aiko buƙatar yana cikin irin duhun da na'urorin gungu ke ciki, bai san ko an yi ko ba a yi ba, in ya sake aikawa kuma ana iya cirewa sau biyu. Maganin shi ne kowace buƙata ta zo da lambar shaida tata, rumbu ya ajiye lambar tare da sakamakon a rubutu ɗaya, ta yadda in ta sake zuwa, ko da wata na'ura ce ta karɓe ta, za a mayar da tsohuwar amsa ba tare da an sake taɓa asusun ba. Manhajar da ba a gina ta haka ba, duk kyan gungun da aka ɗora ta a kai, kowace miƙa ragama sai ta bar wa ma'aikatan sasanta lissafi aiki. Masu sake aikawa kuma su riƙa ƙara tazara tsakanin gwaji da gwaji, kowa da ɗan bambancinsa, don kada dubban na'urori su afka wa sabar da ta farfaɗo yanzu a daƙiƙa ɗaya.

Saura abin da ya shafi jeri da mazauni, wanda ba shi da sarƙaƙiya sosai. A faɗa wa gungu cewa faifai ne farko, sai rumbu, sai manhaja, sai adireshin da jama'a ke nema, wajen tsayarwa kuma a bi ta baya. A faɗa masa waɗanda dole su zauna tare da waɗanda bai kamata su haɗu a na'ura ɗaya ba. A kuma hana shi mayar da aiki tsohon wurinsa da zarar na'urar da ta faɗi ta dawo, domin wannan tsayawa ce ta biyu da babu wanda ya nema, zuwa wurin da ba a ma san abin da ya kayar da shi ba. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne abin da na'urorin suka yi tarayya a kai. Sabar biyu a kanta ɗaya, da batirin ko-ta-kwana ɗaya da janareta ɗaya, ranar da aka ɗauke wuta janaretan ya ƙi tashi, ɗaya ce. A 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH, kamfani mai ba da hayar sabobi, a Strasbourg ta Faransa, kuma waɗanda kwafin ajiyarsu ke cikin ginin tare da na'urarsu sun rasa duka biyun. A 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a rana ɗaya a yankin gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu, har hidimar wasu bankuna ta taɓu. Wanda ya sayi layi daga kamfani biyu yana ganin ya raba ƙafa, bai san hanyarsu ɗaya ba ce a ƙasan ruwa.

Na'urar jiran gado kuma tana tsufa a zaune. A 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45, saboda an ɗora sabuwar manhaja a sabobi bakwai cikin takwas, ta takwas ta ci gaba da tsohuwa. A 28 ga Fabrairu, 2017, wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskuren rubuta umarni ya sauke sabobin S3, hidimar ajiyar fayiloli ta kamfanin, fiye da yadda ya yi niyya, sai da aka sake tayar da wasu sassan da suka shekara da shekaru ba a kashe su gaba ɗaya ba, tashin nasu ya ɗauki lokaci fiye da zato, aka yi kusan sa'o'i huɗu ana fama. Saboda irin wannan ne Netflix ta ƙirƙiri Chaos Monkey, manhajar da ke kashe sabobinsu da gangan a lokacin aiki, sa'ar da injiniyoyi ke zaune a ofis idonsu biyu.

A waccan ma'aikatar da na kwana, bayan mun gyara wakilin, na roƙi a ba mu safiyar Asabar ɗaya. Muka sanar da kowa, abokin aikina ya riƙe agogon wayarsa, ni kuma na zagaya bayan kantar na zare wayar sadarwar na'ura ta farko da hannuna. Muka ji ƙarar fankarta ta ɗauke, alamar killacewa ta yi aiki. Faifai ya hau a ta biyu, rumbu ya tashi, sai manhajar ta tsaya a bakin ƙofa: takardar shaidar tsaro da ke kan wannan na'ura ta ƙare tun watanni, domin duk lokacin da aka sabunta, ta farko kawai ake sabunta wa. Muka kwafo sabuwar, muka mayar da saitin na'urorin biyu ƙarƙashin ma'ajiya ɗaya da ke tura musu tare, muka sake zare wayar. Daga nan aka sa a jadawali cewa farkon kowane wata za a miƙa ragama da gangan, wadda ta karɓa kuma ta riƙe har wata mai zuwa, sannan lokacin da agogon wayar ya nuna a gwaji na biyu shi aka rubuta a takardar yarjejeniya da sassan da ke amfani da manhajar, aka cire wanda mai sayar da kayan ya bayar.